Kwana tara a garejin Fadikpe: Yadda aka farfaɗo da tukunyar bayan wata Peugeot 504

Kukan ya fara ne siriri, irin wanda mutum zai ɗauka iska ce ke kutsowa ta gefen gilashi. Da zarar motar ta kai gudun kilomita 60 a sa'a, sai a riƙa jin sa daga can ƙarƙashin kujerar baya. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, sai muryar ta sauya. Idan ya sake takawa, sai ta dawo yadda take. Kawuna, wanda ya yi shekara 35 yana aikin gwamnatin tarayya kafin ya yi ritaya ya koma Minna da zama, ya kwashe damina biyu yana jin wannan kuka a cikin motarsa ƙirar Peugeot 504 GL. Duk wanda ya yi masa magana, amsa ɗaya yake bayarwa: tsufa ne, kuma babu tsohon da ba ya nishi.

Ranar da abin ya faru, yana dawowa ne daga gonarsa da ke wajen Paiko, da buhun masara biyu a but. Yana gab da gadar Chanchaga ya ji wata ƙara kamar an sauke guduma a ƙarƙashin motar. Bayanta ya yi fizga, sannan wani gurnani ya biyo baya. Allah Ya taimaka ba gudu yake yi ba, kuma babu tirela a bayansa, a kan hanyar da manyan motoci ba sa yankewa dare da rana. Ya lallaɓa ya gangara gefen titi ya kashe inji.

Kafin sallar isha'i labari ya isa wayoyin 'ya'yansa a Abuja da Kaduna, kuma bakinsu ya zo ɗaya: a sayar wa 'yan gwangwan, a huta. Sai dai 'yan gwangwan nauyin ƙarfe suke saye, ba tarihi ba. Kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta biyo baya ta faɗi, ko ƙaramar mota ta hannu ta fi ƙarfin ɗan fansho da 'ya'yansa masu jiran albashi. Idan aka rabu da wannan, to dattijon ya koma hawa Keke zuwa masallaci da asibiti, gona kuwa sai dai a ba wani aro.

"Ku bari likitanta ya duba ta tukuna," in ji shi. "Ba a yi wa mai sauran numfashi likkafani."

Likitan nata wani dattijon bakanike ne da ke unguwar Fadikpe, ba nisa da shataletalen Kpakungu. Na ɗauki hutu na taho daga Abuja, na zauna a kan bencin garejinsa har aka gama aikin.

Motar da ta yi wa gwamnati hidima

Ga duk wanda ya shiga aikin gwamnati kafin shekarar 2000, 504 ba ta buƙatar gabatarwa. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a nahiyar Turai. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta, amma a hanyoyin Afirka ta yi suna. A 1975 direban nan ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka da ita, gasar da ta yi ƙaurin suna wajen karya motoci. A wannan shekarar ce masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot.

Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta rungumi manufar rage facaka, 504 ta zama motar aiki ta manyan jami'ai. Daga nan Fijo, kamar yadda jama'a ke kiran ta, ta cika harabar ma'aikatu da barikoki da tashoshin mota. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ba ta daina ba sai a 2006.

Kawu ya sayi tasa a 1977 da rancen mota na ma'aikata. A zamaninsu ma'aikatu na da direbobi da garejin gwamnati, kuma kowace motar ofis tana da littafin da ake rubuta ranar da aka juye mata mai. Tsarin mayar da alawus ɗin gida da na mota zuwa kuɗi, wanda aka shigo da shi a 2003, ya sauya wannan. Yau mafi yawan ma'aikata su ne masu mota, su ne direbobi, su ne kuma masu biyan kuɗin gyara. Wannan ya sa labarin tukunyar Kawu ya wuce labarin tsohuwar mota kawai.

Aikin da tukunyar baya ke yi

Abin da injiniyoyi ke kira difaranshal, kanikawanmu kuma suka fi sani da bak-aksul, wata tukunya ce ta ƙarfe da ke zaune tsakanin tayoyin baya a motocin da ke tafiya da ƙarfin baya. Aiki uku take yi. Na farko, ƙarfin inji yana tahowa ne ta farfela, daga gaba zuwa baya a miƙe, ita kuma sai ta karkatar da shi zuwa dama da hagu inda tayoyi suke. Na biyu, tana rage saurin juyin domin ƙarfinsa ya ƙaru. Na uku, wanda shi ne asalin sunanta, tana bai wa tayoyin biyu damar juyawa da sauri mabambanci.

Mai zagaya shataletalen Kpakungu zai gane wannan cikin sauƙi. Tayar da ke waje tana cin tazarar da ta fi ta tayar ciki tsawo, alhali a lokaci guda za su gama zagayen. Da a ce sanda ɗaya ce ta ɗaure su, dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa. Wani Bafaranshe mai suna Onésiphore Pecqueur ne ya yi rajistar dabarar magance wannan a ƙarshen shekarun 1820, tun kafin a san motar fetur.

A cikin tukunyar akwai ƙaramar giya mai kama da ƙoƙon dunƙule, wadda ake kira finiyon, tana juya wani babban faifai mai haƙora da ake kira kurawun. A tsakiyar faifan kuma akwai wasu ƙananan giyoyi, su ne ke raba juyi tsakanin tayoyin biyu. A irin ƙirar da 504 ke amfani da ita, wadda kamfanin Packard na Amurka ya fara sa wa motocinsa a 1926, finiyon yana zama ne ƙasa da tsakiyar kurawun. Hakan yana ba da ƙarfi da rashin ƙara, amma yana sa haƙoran su riƙa goga juna a ƙarƙashin matsi mai tsanani. Shi ya sa man tukunya daban yake da baƙin man inji: ya fi kauri, yana ɗauke da sinadaran da ke jure matsi, kuma da su ne yake warin farar wuta. Man bai kai lita biyu ba, amma a kansa rayuwar tukunyar ta rataya.

Sauke tukunya

Umarnin farko da bakaniken ya bayar tun ta waya shi ne kada a ja motar da igiya. Jan ta a kan tayoyinta na baya zai sa gutsattsarin ƙarfen da ke ciki su ci gaba da niƙa abin da ya rage. A bayan babbar mota aka kawo ta.

Garejin rumfar kwano ce da rami ɗaya da inuwar darbejiya. Mai shi, wanda yaransa uku ke kira Oga, ni kuma nake kira Baba, a Kaduna ya koyi sana'ar lokacin da Fijo ce sarauniyar titi. Bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da Kawu ya yi masa tambayoyi kamar na likita. Yaushe kukan ya fara? Yana sauyawa idan an ɗaga ƙafa? Yana ƙaruwa a kwana? An taɓa ratsa ruwa mai zurfi da ita? Wa ya ƙara mata mai na ƙarshe?

Daga baya ya bayyana mini dalili. Kukan da ke sauya murya tsakanin taka totur da ɗaga ƙafa, yawanci daga kurawun da finiyon yake, ko daga boris ɗin finiyon. Gurnanin da ke ƙaruwa idan an karya kwana ta ɓangare ɗaya, ya lafa ta ɗaya ɓangaren, ya fi kama da boris ɗin taya. Ƙarar bugu guda a lokacin tashi kuwa alama ce ta sako-sako a tsakanin haƙora. Bakaniken da bai iya rarrabe waɗannan ba zai sa ka sayi abin da lafiyarsa ƙalau.

Aka datse tayoyin gaba da itace, aka ɗaga bayan motar, aka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Ɗaya daga cikin yaran ya yi niyyar shiga ƙarƙashi tun tana kan jak, Oga ya daka masa tsawa. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba.

Sai aka kwance murfin juye mai. Abin da ya fito bai cika kofin shayi ba, ruwa-ruwa, launinsa kamar kunun kanwa. Murfin yana da maganaɗisu, kuma ya fito da gemun garin ƙarfe, a tsakiyarsa ga wani gutsure kamar ƙwayar gyaɗa. Baba ya ɗora shi a tafin hannun Kawu.

"Alhaji, ga haƙorin da ya yi maka ƙara a Chanchaga."

A wagon da a-kori-kura da wasu salun na 504, tukunyar haɗe take da doguwar sandar da ke riƙe da tayoyin biyu, sai an sauke duka. A GL kuwa kowace taya cin gashin kanta take yi. Tukunyar tana ɗaure ne a jikin ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin motar, wasu gajerun sanduna biyu suna kai juyi ga tayoyi. Saboda haka aka cire tayoyin, aka kwance birki aka rataye shi da waya don kada nauyinsa ya ja bututun mai, sannan aka zare sandunan biyu a hankali. Aka sassauta salansa don a sami wuri, aka tokare tukunyar da jak, aka kwance notinan da suka haɗa ta da bututun farfela da kuma kusoshin da suka rataye ta.

A nan 504 ta bambanta da yawancin motoci. Farfelarta ba a fili take ba, tana cikin wani bututun ƙarfe ne da ya haɗa giyabos da tukunya. Yayin ja da tukunyar baya, dole wani ya riƙe farfelar kada ta biyo ta zame daga giyabos, kuma akwai ɗan ƙaramin sifirin a bakinta da ke saurin ɓata a cikin ƙasa. Baba ya cire shi ya jefa a gwangwanin madara, inda yake tara duk wani ƙaramin abu. Kafin la'asar tukunyar tana kan tebur.

Abin da aka tarar a ciki

Washegari aka wanke bayanta da kananzir kafin a buɗe, domin ko ƙwayar yashi ɗaya abokiyar gabar boris ce. Baba ya yi wa kowane ɓangare alama da ƙusa da guduma, na dama daban, na hagu daban, ya kuma jera siraran wosha-woshan da ya ciro a kan kwali bisa tsarin da ya same su.

Tarihin ciwon a rubuce yake a jikin ƙarfen. Robar da ke tare mai a gaban finiyon, wadda ake kira oyil-sil, ta bushe ta tsage. Da a wata motar ce, da Kawu ya ga ɗigon mai a tsakar gida. Amma a 504 man da ya zurare ta nan cikin bututun farfela yake taruwa, babu mai gani. Ƙaramar kafar da tukunya ke shaƙar iska ta cikinta kuma laka ta toshe, don haka idan ta yi zafi sai iskar ciki ta riƙa tura mai waje, idan ta shiga ruwa da zafinta ta huce nan take sai ta zuƙo ruwan ta gefen roba. Hanyar gonar Kawu tana da rafi biyu da damina.

Sai kuma abu na uku. Da Baba ya murza ragowar man a yatsa ya shinshina, ya ce wannan ba man giya ba ne zalla. Nan Kawu ya tuna cewa a wata tafiya wani yaro a bakin hanya ya ce masa man tukunya ya yi ƙasa, ya cika masa da abin da ke hannunsa, ya ce ai mai mai ne.

Daga nan sauran bayani a bayyane yake. Mai ya yi kaɗan, wanda ya rage ya gauraya da ruwa da baƙin mai. Boris ɗin finiyon ya fara cin kansa, finiyon ya sami wurin motsi, haƙoransa suka daina haɗuwa da na kurawun a inda aka tsara. Wannan shi ne kukan damina biyu. Daga ƙarshe haƙori ɗaya ya gaji ya ɓalle, ya faɗa tsakanin sauran, ya ɓantare biyu a jikin kurawun. Da gutsuren ya maƙale gaba ɗaya, da tayoyin baya sun ƙame a tsakiyar titi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan roba ce da kuɗinta bai kai na rabin tankin fetur ba.

Neman kaya

Ƙananan giyoyin tsakiya da jikin tukunyar sun tsira. Abin da ake buƙata shi ne kurawun da finiyon, da boris huɗu, da robobi uku, da sababbin kusoshin ɗaure kurawun. Boris da roba ba su yi wuya ba, domin girmansu na gama-gari ne, an same su a Minna. Kurawun da finiyon ne suka cinye kwana huɗu.

Wani dillali ya kawo finiyon shi kaɗai, mai sheƙi, da araha. Baba ko karɓa bai yi ba. Kurawun da finiyon tare ake goge su tun daga masana'anta har haƙoransu su saba da juna, kuma ana buga musu lamba iri ɗaya. Haɗa na wannan gida da na wancan gida gyaran gangar Auzinawa ne: motar za ta tafi, amma kukan zai dawo, kuma ba za a daɗe ba a sake sauke tukunya.

Wani kuma ya kawo tukunya sukutum da aka ciro daga matacciyar mota. Baba ya buɗe ya ƙirga haƙora. Ta Kawu haƙori 9 ne a finiyon, 35 a kurawun, wato farfela za ta juya sau 3.89 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wadda aka kawo 9 da 37 ce, wato 4.11. Za ta ɗauru, za ta ma fi jan kaya a hawa, amma inji zai riƙa juyawa fiye da kima a doguwar hanya, shan mai zai ƙaru, agogon gudu kuma zai riƙa faɗin abin da ba haka ba. Aka mayar da ita.

Bayan an zagaya Keteren Gwari, inda kanikawa da masu kayan gyara suka yi sansani a Minna, sai aka koma waya. Wani tsohon abokin koyon sana'ar Baba ya samo ma'aurata masu lamba ɗaya a kasuwar Panteka ta Kaduna, aka ba direban motar haya ya kawo. Baba ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da farce a cikin hasken rana kafin ya ce a tura kuɗi.

Na tambaye shi game da abin da na taɓa ji, cewa wasu kan yi wa giyoyin tsakiya walda idan sun lalace. Ya girgiza kai.

"Ɗana, wanda ya yi haka ya mayar da tayoyi biyu taya ɗaya. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka gane ba. Ranar da aka yi ruwa ka shiga kwana, ranar za ka gane."

Aikin awo

A nan ne na fahimci abin da ya raba gyara da canjin kaya. Ɗaura sababbin ƙarafa bai ɗauki sa'a biyu ba. Daidaita su ya cinye yini biyu.

Abu uku ake nema. Na farko shi ne zurfin da finiyon zai shiga cikin kurawun, wanda ake saitawa da siraran wosha da ake sa wa a bayan boris. Na biyu shi ne matsin boris: idan ya yi sako-sako finiyon zai yi rawa, idan ya matse da yawa zai yi zafi ya ƙone. Na uku shi ne 'yar tazarar da ake bari tsakanin haƙoran biyu domin mai ya sami wurin shiga, ƙarfe kuma ya sami wurin buɗewa idan ya ɗauki zafi. Tazarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, wato kamar kaurin fallen takarda biyu.

Baba ya buɗe wani akwatin katako ya fito da agogon awo mai allura, wanda ya ce ya girmi duk yaransa. Ya kafa shi a jikin haƙorin kurawun, ya riƙe finiyon, ya riƙa motsa faifan gaba da baya yana kallon allura. Ya auna a wuri huɗu a kewayen faifan, domin idan awon ya bambanta da yawa, to faifan bai zauna daidai ba.

Sannan ya shafa wani shuɗin maiƙo a kan wasu haƙora, ya juya faifan gaba da baya yana danne shi da tsumma. Inda haƙoran suka haɗu, shuɗin ya goge ya bar sawu. Sawun da ake so a tsakiyar haƙori yake, mai siffar ƙwai. A karon farko ya fito can sama kusa da baki, alamar finiyon bai shiga sosai ba. Aka kwance, aka ƙara wosha. A karo na biyu ya nutse can gindi. Aka sake kwancewa. Duk lokacin da aka taɓa zurfin finiyon, sai tazarar haƙora ta sauya, sai an sake auna ta. Sau huɗu ana haɗawa ana kwancewa.

Ɗaya daga cikin yaran ya ce a hankali, ai na ukun ma zai tafi. Baba bai ɗago kai ba.

"Zai tafi ya dawo. Ni kuma ba na son Alhaji ya dawo sai dai gaisuwa."

Da sawun ya zauna, aka ɗaure kusoshin kurawun da sifana mai awo, ana bin su a gicciye, aka buga sababbin robobi bayan an shafa musu mai a leɓe, aka buɗe kafar iska da waya, aka tsiyaye man da ya taru a bututun farfela. A rana ta tara tukunyar ta koma mazauninta, sifirin ya fito daga gwangwanin madara ya koma bakin farfela. Sai da aka sauke motar a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sannan aka ɗura man giya mai lamba 80W-90 da alamar GL-5, har ya fara lekowa ta bakin kafar ɗurawa. Wannan shi ne ma'auninsa.

Abin da ya shafi mai Hilux da mai Corolla

Mai karatu zai iya cewa shi ba 504 yake hawa ba. Amma Hilux da Prado da Land Cruiser da ke cike da ayarin manyan jami'ai, da bas ɗin Hiace na ma'aikata, da yawancin Mercedes-Benz da ake shigowa da su na hannu, duk suna da tukunyar baya, masu jan taya huɗu ma har da ta gaba. Corolla da Camry da Accord kuwa da tayoyin gaba suke tafiya, tasu tukunyar tana cikin giyabos, amma ita ma da mai take rayuwa.

Hadimin da ke kula da motocin maigidansa, ko ma'aikacin da ke bin hanyar Suleja zuwa Minna duk Juma'a, ya san ranar juye baƙin mai, amma da wuya ya san ranar da aka buɗe murfin tukunya. Littafin kowace mota ya faɗi tazarar da ya kamata a canza man, kuma duba shi ba ya cin minti goma idan mota tana kan rami. A nemi a ga launinsa da ido. Idan ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, musamman bayan ratsa ambaliya. A duba gefen tukunya ko ya jiƙe. A tabbatar abin da aka ɗura man giya ne, a kuma ga galan ɗin. Kada a sa tayoyi masu girma daban a baya, domin hakan yana sa giyoyin tsakiya aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya. Idan kuma aiki ya kai ga buɗe tukunya, tambaya ɗaya ta isa a gane bakanike: da me za ka auna? Wanda ya ce hannunsa ya saba, a nemi wani.

Masu irin wannan awo suna ƙaranci. Yaran Baba uku duk burinsu su koyi binciken mota da kwamfuta, kuma ba laifinsu ba ne, a nan kasuwa take. Sai dai kwamfuta ba ta karanta sawun shuɗi a kan haƙori. Ƙaramin cikinsu ne kawai na ga ya ɗauki agogon awon bayan an tashi, yana gwada shi a kan tsohon kurawun ɗin Kawu.

Gwaji a hanyar Bida

Da yamma muka fita gwaji, Baba a sitiyari, Kawu a gefensa, ni a kujerar baya daidai saman tukunyar. Muka zagaya shataletalen Kpakungu muka miƙi hanyar Bida. A gudun kilomita 60 ya ɗaga ƙafa, ya taka, ya sake ɗagawa. Babu abin da ake ji sai inji da taya. Kusa da Gidan Kwano ya tsaya, ya durƙusa ya ɗora bayan hannunsa a jikin tukunyar. Da ɗumi, amma hannu yana jurewa. Ya leƙa gefen robobin, a bushe suke.

Sharaɗinsa biyu ne: kada a yi mata lodi ko gudu a 'yan ɗaruruwan kilomitan farko, sannan a dawo a juye man a duba maganaɗisu. Kuɗin aikin gaba ɗaya ya haura fanshon Kawu na wata biyu, 'ya'yan da suka ce a sayar su suka haɗa suka biya, kuma bai kai ko kusa da kuɗin wata motar ba.

A daren da zan koma Abuja na tarar da Kawu a falo da tabarau da sabon fayil mai launin ƙasa. A bangonsa ya rubuta lambar motar da manyan baƙaƙe. A shafin farko ya ja layuka: kwanan wata, adadin kilomita, irin man da aka ɗura, sunan wanda ya ɗura. Gutsuren haƙorin nan kuma ya naɗe shi a takarda ya maƙala a ciki.

"Shekara 35 ina buɗe wa gwamnati fayil," in ji shi. "Ban taɓa buɗe wa wannan baiwar Allah ba."